Sabon Direba

Ƙarfe ɗaya na dare a Farin Gada,
ruwan Agusta na dukan kwano,
ni da tsohuwar kwamfutar asibitinmu
mun yi zaman jinya.

Sabon kanel nake ɗinka mata.
Baƙin allo ya jero tambayoyi,
ɗari huɗu da 'yan kai,
kowace da sunan direban da ban taɓa ji ba:
na wata kyamara, na wani linzami,
na katin sautin da ko a Taminus ba a taɓa saukewa ba.
A wutsiyar kowane layi haruffa uku,
biyu ramammu, N ce kaɗai ta ƙoshi.
Wani ya riga ya amsa mini: a'a.

Ban san shi ba.
Wataƙila bai san akwai Jos a duniya ba.
Amma ya san yatsa na gajiya,
ya san mai gyangyaɗi Enta zai danna,
sai ya ajiye a'a a bakin ƙofa
kamar takalmin shiga bayi.

Na gane karatun.
Baba Tanko, shekara talatin yana jan dankali daga Bokkos,
cewa yake, sabon direba ba a ba shi Hawan Kibo.
Ya zauna gefe tukuna,
ya ji yadda birki ke kuka da lodi.
Mota ba ta ɗaukar kowa don ya ɗaga hannu.

Sai na danna. Na danna. Na danna.
Shayi ya huce, ya yi fata.
A'a, a'a, a'a,
baki rufe, na kori baƙi ɗari huɗu.

Da safe na'ura ta tashi garau, ba nauyi,
har na fara jin kaina.
Sista Nanret ta tura sakamakon jini.
Firinta ta yi gum.
Direbanta na cikin waɗanda na kora,
layi na ɗari biyu da wani abu,
wajen ƙarfe biyu, lokacin da ƙanƙara ta fara.

Nanret ba ta ce komai ba.
Ta ciro biro daga gashinta,
mutum goma sha ɗaya a kan benci
suna kallon hannunta.

Na koma na nemo layin.
Ban ba shi y ba, na ba shi m:
ɗan ko-ta-kwana, zauna kusa,
in an kira ka, ka amsa.

Wanda ya rubuta a'a bai yi ƙarya ba.
Ɗakinmu ne bai taɓa shiga ba.
Ni da na shiga,
ni na yi barci.