Babin Umarni

A Gdansk, a bene na huɗu,
inda taga ke kallon ƙugiyoyin ma'aikatar jiragen ruwa,
Bogna ta shekara bakwai tana ƙera harshe
a tsohon littafin lissafin kantin mahaifiyarta.
Ta gama da sunaye, ta raba wa launuka gidaje,
ruwan sama kaɗai ta ba shi kalma tara.
Babi ɗaya take ta kewayewa
kamar mai gudun bakin rijiya da dare:
yadda za a ce wa mutum yi.

Ta san dalili.
Ubanta shugaban masu walda ne,
yakan dawo gida da bakin wurin aiki.
Zauna. Ci. Rufe. Tashi.
Kalma tsirara, wuƙa ba kube.
Ta bincika harsuna goma sha biyu a laburare,
kusan duka halinsu ɗaya:
aikatau in zai ba da umarni, tuɓewa yake.

Ta ce a nata harshen
mai umarni sai ya yi dako.
Ket shi ne tsayawa.
A liƙa masa ara: ni na faɗa, alhaki a wuyana.
A ƙara mu: ina da dalili, tambaye ni.
Sannan seli: kana iya ƙi, ba za a hana ka abinci ba.
Ketaramuseli.
Ta faɗa sau uku a gaban tukunyar miya
har dariya ta kama ta.
Kafin a kai ƙarshenta ai fushi ya huce.

Ran Talata ƙanƙara ta kwanta a titi.
Ziemek, ɗanta mai shekara biyar,
ya fizge ya bi safar hannunsa da iska ta ɗauke,
ga taragon lantarki na gangarowa.
Abin da ya fita bakinta gaɓa ɗaya ce,
da harshen da aka haife ta,
da muryar ubanta sak,
har tantabaru suka watse.
Yaro ya daskare.
Tarago ya taka safar ya wuce.

Da dare hannunta bai bar rawa ba.
Ta tuna farantan ƙarfe masu lilo bisa kawunan maza,
ta ce ko mutum nawa gajeriyar kalmar tsohon ta mayar gida?
Laifinsa dai, bai san inda ake ajiye ta ba.

Ba ta soke doguwar ba.
A ƙasanta ta rubuta da ƙananan baƙaƙe:
Ket, tsirara. Don ƙarfe, don wuta, don ruwa mai zurfi.
Wanda ya furta ya ci bashi,
kuma bashin ba ya kwana.

Ta kashe fitila, ta je bakin gadon yaron,
ta durƙusa daidai kunnensa
ta biya sauran:
aramuseli.