Fensirin Bayan Kunne

Mun same shi a aljihun rigarka ta Juma'a,
guntun fensiri, bai kai ɗan yatsa ba,
reza ta feƙe shi har ta gaji.
Inna Tabawa ta juya shi a tafin hannunta,
ta ce, "Wannan ya fi ni sanin kunnensa."
Muka yi dariya a gidan makoki,
Allah ya yafe mana.

Kana ɗan sha bakwai ka sauka Agege
a taragon shanu daga Ƙaurar Namoda,
da tabarma ɗaya, da sunan wani ɗan garinku
wanda ashe ya daɗe da tashi.
Alhaja Morenike ta ga yaro yana kallon buhu,
ta ce ɗauka. Ka ɗauka.
Shekara hamsin da ɗaya ba ka sauke ba.

Kantin ba naka ba ne, Baba Jatau,
ko ƙusa ɗaya a jikin katakonsa.
Amma kai ke buɗe kwaɗo bayan Asuba
tun danfo bai fara kiran Oshodi ba,
ka jera gwangwanin madara, fuska na kallon titi,
ka ɗaga buhunan gari sama in hadari ya haɗo,
don ka san kwatar layin ba ta da amana.
In ka auna shinkafa da derika
sai ka tsaya, ka ƙara ɗan tozo a kai.
Alhaja ta gani, ta kau da ido,
ɗanta ya gada, ya gani, ya yi tsaki,
jikarta ta kawo na'ura mai ƙara,
kai dai fensirinka na bayan kunne.

Yarabancinka da ɗanɗanon Zamfara,
matan unguwa na kwaikwayonka, kana taya su.

Da dare muna jin tarinka tun daga lungu.
Mu bakwai a ciki da falo,
kowa ya san rabonsa a ledar karyayyen biskit.
Ka ce ka ci a kanti.
Sai da na girma na gane
ƙamshin burodi kawai ka ci.

Takalmi ɗaya ya kai Nafi'u jami'a,
agogonka ya tafi ranar da Marka ta kwanta asibiti,
aka ce ya ɓata a mota.
Shekarar da ƙafar Inna ta ƙi taka ƙasa
kai ke dama mata koko,
kana ɓata shi da gudaji, tana sha tana mita.
Gida kuwa, kullum "baɗi in Allah ya kai mu,"
har baɗi ta tsufa a bakinka,
har Legas ta zama garinku ba ka sani ba.

Tamanin da shida.
Ka tafi ranar Talata, ruwa na zuba,
cunkoso ya riƙe makara a Pen Cinema,
kamar garin bai gama sallamarka ba.

Ran sadakar uku wata tsohuwa ta shigo,
ba mu san ta ba,
ta kwance bakin zane, ta ajiye kuɗi a tabarma.
Ta ce shekarar da mijinta ya rasu
wata tara tana karɓar gari da mai,
in ta tambayi lissafi ka ce shafin ya jiƙe.
Muka ɗauko tsofaffin littattafan kanti.
Ga sunanta, ga layi a kansa,
a gefe, da rubutunka mai karkata:
a cire a albashina.

Inna ta daɗe tana kallon shafin.
Ta ce, "Ashe nan naman Sallarmu ya tafi."
Ta mayar wa matar kuɗinta,
ta saƙala fensirin a bayan kunnenta,
ƙarƙashin ɗankwali,
ta tashi ta duba tukunya.