Shaidar Ina Raye

Sun ce kowane tsohon ma'aikaci
ya shiga shafin fansho kafin wata ya mutu,
ya danna wuri guda, ya shaida musu yana raye.
Na ce wannan ai ba aiki ba ne
ga wanda ya shekara talatin da ɗaya
yana buga hatimi a ofishin ruwa.

Bayan isha'i, a zaurena na Rafindadi,
na kunna kwamfutar da aka ba ni ranar sallama.
Wani ɗan zobe ya yi ta kewaya kansa
kamar akuya a turke,
sannan rubutu ya fito:
an kasa haɗuwa da saba.

Sallama uku, in ba a amsa ba, baƙo juyawa yake.
Ni ban juya ba.

Na kashe akwatin intanet, na ƙirga ashirin, na kunna.
Fitilunsa huɗu suka dawo kore, ɗaya bayan ɗaya.
Na zare waya, na hure bakinta, na mayar.
Na zuba data ta dubu biyu, na sauya layi,
na ɗora akwatin bisa taga
yana fuskantar hasumiyar Gobarau,
ko tsoho zai ji ƙan tsoho.
An kasa haɗuwa da saba.

Ran Laraba Lurwanu mai gyara ya zo,
ya taɓa nan, ya taɓa can, yana amsa waya da kafaɗa.
Shafi ya buɗe, kamar bai taɓa gardama ba.
Kafin in lalubo tabarau da lambar fayil
aka ɗauke wuta.
Da ta dawo, tare suka dawo da ciwon.
Sau uku muna haka.
Ya ce laifin mutanen can ne, sabarsu ta cika.
Na ce to, ai layi ba baƙona ba ne,
amma wancan layin akwai benci, akwai wanda za ka yi wa ƙorafi.

Bara'atu ce, jikata, ta shigo da kunun tsamiya.
Ba ta dubi tsakiyar allo ba, inda muka ƙura ido kwana shida.
Can ƙasa ta duba, a lungun dama.
Ta ce, tsoho, wace shekara muke?

Na sa tabarau.
Ɗaya ga Janairu, ƙarfe goma sha biyun dare,
shekarar da ta daɗe da shigewa.
A shekarar nan Tasalla na tsakar gida tana tankaɗe,
gwiwata ba ta fara ƙara ba,
ita mai tambayar ko goyo ba ta kai ba.

Ta ce sabar tana amsawa tun ranar farko.
Takardar shaida take miƙowa mai kwanan watan bana,
taka kuma ta duba agogonta, ta ce ƙarya ne,
wannan ranar ba ta zo ba tukuna,
ta rufe ƙofa.
Lurwanu kan saita agogon bai faɗa ba,
wuta na tafiya, ta koma inda ta fi sabo.

Muka kwance murfi da wuƙar yankan albasa.
Ga shi nan kwance cikin ƙura,
batiri ɗan mitsitsi, kamar sulen da.
Shi ke riƙe mata lokaci in duhu ya yi,
ya gaji, ba wanda ya sani.

Naira ɗari uku wajen mai agogo na Ƙofar Guga.
Ta danna sabo, ya ce ƙas.
Ta rubuta ranar yau da yatsa ɗaya, tana hararata.

Zoben bai ko gama zagaye guda ba.
Ga sunana, ga hotona da sauran baƙin gashi,
ga wurin dannawa.
Na danna.
Ina raye.
Aka ce an karɓa.

Bara'atu ta miƙa hannu za ta jefar da tsohon batirin.
Na ce bar shi.
Yana cikin gwangwanin allurar Tasalla,
tare da maɓallan da ba su da riga.