Darasin Laraba a Galle

Laraba ce ranar da muke ƙi.
Tun daga ƙofar mutuware Pubudu ke rabon man zafi,
kowa ya dangwala a ƙasan hanci,
mu ja takunkumi, mu yi rige-rigen tsayawa a baya.

Pubudu likitan zuciya zai zama, ya haye jirgi.
Sandali ta ce ita sai yara,
don yaro in ya warke yakan yi maka dariya.
Wannan kuwa? A ci jarrabawa, a wanke hannu.
Wa zai shekara biyar yana ƙona ido
ya ƙare da majinyacin da ba ya cewa an gode?

Ni ma bakinmu ɗaya.
Gonar shinkafa uwata ta jinginar don in sa farar riga.
In ce mata gawa zan riƙa dubawa?
Sai ta ware mini kofi.

Ran nan aka kawo wani masunci.
Teku ta ajiye shi a kan yashi da asuba,
takardar 'yan sanda layi ɗaya: ruwa ya ci shi.
Dakta Ilangakoon ta juya kansa a hankali
kamar mai gudun kar ta tashe shi,
ta raba gashin bayan kunne.
"Nimthara, matso. Me kika gani?"
Tsaga, tsawon ɗan yatsa.
Na ce, "Kashe shi aka yi!"
Ta ce, "Wa ya gaya miki? Jirgi ma yana dukan kai.
Rubuta abin da kika gani,
zato ki bar shi a aljihu."
Awa uku muna tambayarsa,
yana amsawa da huhu, da farce, da abin da ya ci da dare.

A waje matarsa na tsaye ƙarƙashin lema,
silifas ɗinsa a cikin leda.
Ba magani ta zo nema ba.
Ta kama hannun rigata, ni ɗaliba,
ta ce, "Yaya aka yi?"
Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba a duk ɗakunan jinya.

Washegari na hango Dakta a bas, a tsaye,
fayil a hammata, za ta kotu
inda lauya zai yini yana neman ya kama harshenta.
Ba mota, ba asibitin kanta.

Har yau ban cike takardar zaɓi ba.
Ban ce wa uwata komai ba.
Amma da Laraba ta zagayo
na karɓi man zafin Pubudu,
na ratsa su, na tsaya a gaba.