Makulli Biyu

Shekara talatin da ɗaya
ina zaune a teburin nan na kusa da taga,
a ofishin rajistar ƙaramin garinmu, can arewacin Jamus,
inda teku ke janyewa sau biyu a yini
ya bar laka da sawun tsuntsaye.
Sunana Telse.
Haihuwa, aure, mutuwa, duk ta hannuna suke bi.

Ran Litinin aka sauya mana manhaja.
Majalisar gari ta ce kuɗin lasisi ya ishe ta,
kamfani na ƙara farashi duk shekara
kamar mai gidan haya da ya san ba ka da wurin zuwa.
Na kunna kwamfuta, ban gane fuskarta ba.
Kalandata ta yi ɓatan dabo.
Injin buga takarda ya tofo shafi arba'in
ba komai a kansu sai baƙin layi ɗaya.
Na ce, to, boko ya biyo ni har furfura.

Momme ya shigo, rigar ruwansa na ɗiga,
ya jingine keke a daidai inda aka hana.
Yaron da ni na rubuta sunansa makon da aka haife shi,
yau shi ne malamina.
Ya ce, "Wannan kowa na iya leƙa cikinta,
ya ga ɗinkin, ya nuna inda ya warware."
Na ce, "Abin da kowa ya gani, ina sirrinsa?"
Ya yi dariya,
ya shanye shayina bai tambaya ba.

Da dare na tuna babana.
Shi ke duba ganuwar da ta raba mu da teku.
Ba a taɓa ɓoye wa kowa yadda aka gina ta ba:
yashi nawa, yumɓu nawa,
ina ɓeran ruwa ya yi rami bara.
Makiyayin tumaki ya ga tsaga, ya zo ya faɗa.
Yarinya ta ga ruwa na tsattsafowa, ta sheƙa a guje.
Idanu ne suka riƙe ganuwar nan,
yumɓu taimakawa kawai ya yi.

Talata Momme ya ba ni makulli biyu
waɗanda ba sa ƙara a aljihu.
Ɗaya a rataye a ƙofa,
duk mai rubuto mini ya kulle saƙonsa da shi.
Ɗayan nawa ne ni kaɗai, shi ke buɗewa.
A nan ne ya faɗa mini, yana kallon ƙasa,
cewa saƙonnina na shekara da shekaru
ba ambulan suka yi tafiya,
suna kwana a rumbun da ban san mai gadinsa ba.
Na tuna takardar likitan ɗiyar maƙwabtana.
Na tuna wani yaro da aka sauya wa sunan uba.
Kunya ta rufe ni,
kunyar laifin da ban san na yi ba.

Alhamis saƙo ya zo daga asibiti,
haruffa a hargitse kamar tsakuwa a bakin gaɓa.
Na buga kalmar sirri, na kuskure.
Na sake, na kuskure.
Na goge tabarau.
A na uku ya buɗe:
Harro Ketelsen, mai kamun jatan lande,
ya rasu da asuba, yana da shekara tamanin da huɗu.
Mutumin da bai taɓa barin kowa ya san bashinsa ba.
Daga likita sai ni.
Wannan karon labarinsa ya zo a lulluɓe,
yadda zai so.

Kalandar har yau ba ta dawo duka ba,
watan Maris ya maƙale a wani wuri.
Momme ya ce ya rubuta wa masu gyara,
wata mata a Fotugal ta amsa masa cikin dare.
Ban san ta ba.
Na dai ajiye kofi na biyu a kan tebur.
A waje ruwa ya fara dawowa,
yana shafe sawun tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya.