Ƙusa a Wuta

Garwa, watan huɗu. Rana ta faɗi, zafinta ya ƙi bin ta.
Binuwai ta janye jiki, ta bar yashi yana huci.
Ni ina tsugune gaban murhun gawayi
da ƙusa a bakin filaya,
ina jira ta yi ja.

Robar ta Tasalla ce, 'yar ƙanena.
Dā ta garin rogo ce, mai shuɗin murfi mai kama baki.
Ta wanke ta, ta zuba ƙasar gindin tsamiya,
ta kife fasasshen kasko ya zama ɗaki,
marfin kwalba ya zama rijiya,
sannan ta saukar da baƙinta biyu: tsaka.

Ba irin ta bango ba, mai laɓewa bayan kalanda.
Waɗannan 'yan ƙasa ne, daga duwatsun hanyar Pitowa,
wutsiya kamar ɗan dankali, ido mai ƙiftawa,
tafiya irin ta wanda ba a jiransa ko'ina.

Inna ta ce a fitar mata da su,
ta tofar da yawu, ta ja ƙyaure.
Tasalla ba ta yi musu ba. Murfi ta ƙara dannewa,
don kada su fita, don kada a gani,
ta cusa su can ƙarƙashin gado, ƙuryar ɗaka.

Kwana uku, ta zo min da robar a rungume.
Gumi na gangarowa ta ciki layi-layi,
ƙasar ta yi furfura,
wari kamar wankin da aka manta a bokiti.
Ƙaramar ta ɗaga kai, maƙogwaro na bugawa,
baki a buɗe, babu kuka.
"Baffa, na ba su gyare, na ba su ruwa. Me na rage?"
Na ce, abin da ba a aunawa a mudu: iska.

Muka juye su a ƙwarya, muka rufe da faifai,
hayaƙin roba ba na ƙaramin huhu ba ne.
Ƙusa ta nutse kamar cikin man shanu.
Daga ciki nake hudawa,
kaifin baki ya tsaya waje, kada ya yanki yatsa.
Jere ɗaya ƙasa-ƙasa ta gabas,
jere ɗaya sama-sama ta yamma,
mai shiga ta samu hanya, mai fita ta samu tata.
Kowace huda ƙwayar dawa. In ta fi haka,
abincin dare zai tsere da ƙafarsa.

Tasalla na ƙirga da Faransancin makaranta,
ta ɓace a sha bakwai, ta dawo Hausa.
Ta ce a ƙara. Na ce a'a.
In ƙasa ta bushe ƙayau,
saɓa za ta maƙale musu a ƙafa kamar matsattsiyar safa.
Rabin murfi na yanke, na ɗinke da guntun raga,
rabi na bar wa laima.
A ta ƙarshe hannuna ya goce.
Har yau tabon na nan a babban yatsa.

Tsakar dare na ji takun silifas.
Inna ce, da mafici, barci ya gagara.
Ta tsaya nesa, ta matso, ta haska tocila.
Ƙaramar na lasar raɓa a bakin kasko,
maƙogwaron ya kwanta.
Ta daɗe tana kallo. Ta kara bayan hannu jikin hudojin
kamar mai duba zazzaɓin jika.

"Tagar nan tawa," in ji ta, ba ta dube ni ba,
"da aka toshe da bulo shekarar da ɓarayi suka shigo.
Gobe ka zo da guduma."
Ta juya, ta kai ƙofa, ta waiwayo:
"Amma waɗannan, ko da taga goma,
ba za su kwana ɗakina ba."