Roba Ba Ta Kallon Hanya

Ranar Talata, ana tsakiyar tsinkar ceri a Vignola,
Clelia ta kawo motar mijinta
a bayan tirela, lulluɓe da bargo,
kamar mai zazzaɓi za a kai asibiti.

Rawaya ce, gajeriya, cikinta na shafar ƙasa,
silinda takwas kwance a bayan kujera.
Tun da Gualtiero ya kwanta dama
kilomita ɗari tara kacal ta taka.

Ta ce da babana, "Ermes, fahimtar da ni.
Motar da ba ta fita, me ya ci bel ɗinta?"
Baba ya goge hannu da tsumma,
ya buɗe ɗan littafin sabis:
hatimi huɗu, kwanan wata huɗu,
da rubutun marigayin a gefen kowane,
an canja, an canja, an canja, an canja.
Ya ce, "Shekara biyar, ko kilomita dubu hamsin,
wanda ya riga isowa.
Roba ba ta kallon hanya.
Tana tsufa ko a tsaye, kamar ni da ke."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa makulli.

Kwana uku muka yi a ƙarƙashinta.
Ba a isa ga bel ɗin taimin da yatsa biyu;
sai an tsiyaye mai, an zubar da ruwa,
an kwance waya arba'in an ɗaura wa kowace suna,
an sauke injin ɗungurungum
kamar mahauci ya ciro zuciya.

Ga shi nan, baƙi wuluk, sumul, ba tabo.
Na ce, "Baba, wannan ai sabo ne."
Ya lanƙwasa shi ta baya a ƙarƙashin fitila,
sai ga tsaga ƙanana a gindin haƙora,
sirara kamar layin tafin jariri.
Ya ce, "Nan ƙadangaren zai shiga.
Haƙori ɗaya ya zame a gudu dubu bakwai,
bawul da fistin su haɗu a ƙofa guda,
ba sallama, ba gafara,
kuɗin gida ya ƙone kafin ki ɗaga ƙafa."

Muka sa sabon boris, sabon famfon ruwa,
tunda an riga an buɗe ciki.
Saura alamomi, sama biyu, ƙasa ɗaya,
dole su tsaya sahu kamar an ja zare.
Baba ya ɗauki alƙalamin farin fenti.
Bakinsa ya yi rawa a kan ƙarfe.
Ya sake gwadawa. Ya sake.
Sai ya miƙo min, bai dube ni ba:
"Nives, idonki ya fi nawa yau."

Yau, in ji shi.

Na ɗiga, na ɗora bel, na ɗaure,
na juya injin da hannu sau biyu cur,
ina sauraron ƙarar da ba na son ji.
Shiru. Alamomi suka dawo mazauninsu.

Ranar Juma'a ta tashi da bugu ɗaya,
tattabarun rufin kwano suka watse.
Clelia ta zo da kwandon ceri da takalmi marar dunduniya.
Ta karɓi biro, ta rubuta layi na biyar da kanta,
ta sallami mai tirela,
ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama ba,
ta ja ta gaba har sau uku.
Muna jin ta tana haurawa tudun Guiglia,
giya ta biyu, ta yi gardama, ta uku.

Baba ya rataye tsohon bel a ƙusa,
kusa da 'yan'uwansa huɗu.
Ya zauna, ya ɗauki ceri ɗaya,
ya daɗe yana neman tsinkensa.

Shi ba shi da littafi.
Ban san ranar da zan duba ba.